Kwana a bakin gulbi da kwale-kwale: amsa ga masu shirin tasowa daga Sakkwato

Wani ɗalibi a nan Sakkwato ya aiko da tambaya. Ya ce yana yawan kallon bidiyon Turawan Kanada suna loda kaya a kwale-kwale, su nausa daji kwana da kwanaki, su kafa tanti a bakin ruwa. Shi da abokansa uku suna son gwada irin haka a lokacin hutu, su bi gulbi daga Sakkwato zuwa Argungu cikin kwana uku. Yana neman a faɗa masa abin da za su saya da yadda za su shirya.

Ƙanena, sha'awarku mai kyau ce, kuma abin yana yiwuwa. Na daɗe ina hulɗa da masunta a kwarin Rima, na kwana a masaukansu, na kuma san daɗin da kuke hange. Sai dai tambayar ta faro daga sayayya, alhali sayayya ita ce ƙarshen shiri a wajenmu. Abin da zai kai ku ya dawo da ku lafiya mutane ne, sannan lokaci, sannan kaya.

Wuraren da kake gani a bidiyo galibi irin su gandun Algonquin ne na lardin Ontariyo a Kanada, wanda aka kafa tun 1893, ko Boundary Waters na jihar Minnesota a Amurka, mai tafkuna sama da 1,000. Can hukuma ta keɓe dajin, ta zana hanyoyin ruwa a taswira, ta ware wuraren kwana. Sai ka karɓi takardar izini kafin ka shiga ka kwana, kuma a Boundary Waters ayari ɗaya ba ya wuce mutum 9 da jirgi 4. Kwale-kwalensu na zamani wani bai fi kilo 20 ba, mutum ɗaya ke kifa shi a kafaɗa ya ratsa tudu daga wannan tafki zuwa wancan. Abin da suke nema shi ne inda babu kowa, abin tsoronsu kuma sanyin ruwa da naman daji.

Gulbinmu ba haka yake ba. Daga inda Rima ya haɗu da gulbin Sakkwato kusa da birni har ya gangara Argungu, da ƙyar za ka yi sa'a guda ba ka ga ɗan Adam ba. Ga manoman rani da injin ban ruwa, ga masunta, ga Fulani sun kawo shanu mashaya, ga masu fito suna ƙetarar da 'yan kasuwa. Kowace gaɓa da mai ita, kowane gurbi mai zurfi akwai wanda ya gaji kamun kifinsa. In kuwa ka tarar da wurin da babu kowa, a halin da ake ciki wannan ba abin murna ba ne, ka tambayi dalilin da ya sa mutane suka ƙaurace masa.

Batun tsaro ba na sakaya shi. Gabashin jiha, wato su Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah, sun sha fama da 'yan bindiga. Arewa maso yamma, wajen Tangaza da Gudu, ana fama da 'yan bindigar Lakurawa, kuma a watan Nuwamba na 2024 sun kai hari garin Mera a ƙaramar hukumar Augie ta jihar Kabi. Augie tana kan hanyar ruwan da kuke son bi. Akwai kuma haɗari na biyu da matasa ba sa tunawa: samari huɗu baƙi, da tanti da fitilu da wayoyi suna ɗaukar hoto a bayan gari da dare, me kake jin 'yan sa-kai za su ɗauke su? Kafin ka gama bayanin cewa yawon buɗe ido kuka zo, mai afkuwa ta afku. Saboda haka Argungu ta ruwa ku ajiye ta tukuna. Ko da ƙasa lafiya lau take, lissafin kwana uku bai fita ba. Ta mota tafiyar kusan kilomita 100 ce, gulbi kuwa lauje-lauje yake yi cikin fadama, ya fi haka nesa ba kusa ba. Kwale-kwalen katako da kaya, a hannun waɗanda ba su saba ba, yana cin kilomita 3 zuwa 4 a sa'a. In kun yi 15 ko 20 a yini kun yi ƙoƙari. Ka ga maganar mako guda ake yi ko fiye.

Ku fara da kwana ɗaya. Ku shiga ruwa a wajen Kwalkwalawa, ku gangara ta ɓangaren Wamakko, ku kwana kusa da ƙauyen da aka san da zuwanku, washegari ku ƙarasa inda mota za ta ɗauke ku. Kada ku raina wannan. Kwana ɗaya zai nuna muku wanda hannunsa ke yin kanta, wanda ke tsorata in jirgi ya karkata, da kayan da kuka ɗauko a banza.

Yanzu ga ainihin shirin. Mako biyu kafin tafiya, ɗayanku ya je da ƙafarsa garin da za ku shiga ruwa, ya nemi Sarkin Ruwa ko babban masuntan wurin. A je da goro, a durƙusa a gaisa, a tambayi iyali da ruwa, kada a faɗa kan buƙata tun ba a zauna ba. In ya ce maka, "To yaro, mi kaka so?" sai ka yi bayani dalla-dalla: mu ɗalibai ne, ga unguwarmu, ga sunan mahaifina, muna son ganin gulbi mu kwana ɗaya, muna roƙon Baba ya haɗa mu da matuƙi. Shi zai faɗa maka inda ruwa ya janye, inda aka shimfiɗa taru, inda ba a zuwa. Shi ne kuma zai aika wa takwaransa na gaba cewa ga baƙinsa nan tafe. Wannan saƙon ya fi duk wata taswira da za ka sauke a waya. Bayan haka a gaida mai gari ko hakimin inda za a kwana, a kuma sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Kowa ya riƙe katin shaidarsa na makaranta.

Kada ku karɓi hayar jirgi ku kaɗai. Ku ɗauki jirgi da mai shi. Ku yi ciniki a kan yini, ku faɗa a fili cewa abincinsa na kanku, ku ba da rabi kafin tashi, rabi in an sauka, ku kuma haɗa da kuɗin wahalar mayar da jirgi gida, don shi zai hauro da shi gaba da ruwa bayan kun hau mota. Ku huɗu da kayan kwana jirgi biyu ya kamata, kowanne da matuƙinsa. In ɗaya ya sami matsala, ɗaya na nan.

Lokaci kuma daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. Damina, musamman Agusta da Satumba, ba ta wasa ba ce. Ruwa yana cika ya shafe gaɓa, ya taho da itatuwa a ƙarƙashinsa, ba ka gane ina gulbi ina gona. Mutanen Sakkwato ba su manta ambaliyar Satumban 2010 ba, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A watan Agustan 2025 ma jirgi ɗauke da mutum sama da 50 ya kife a kan hanyar kasuwar Goronyo. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40, ruwa ya ja baya, sai ku wuni kuna jan jirgi a kan yashi. Hunturu ya fi, sauro ya ragu, dare da sanyi, kuma akwai wata garaɓasa: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, gulbi kuma yamma da kudu ya nufa, don haka mafi yawan lokaci tana bayanku tana tura ku. Amma takan yi ƙarfi in hantsi ya ɗaga. Ku shiga ruwa da an idar da sallar asuba gari ya waye, ku yi zango da azahar, ku ɗan ƙara bayan la'asar. Ƙarfe biyar ta same ku a tudu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare a kan ruwa, kuma tana da gaskiya.

Akwai abin da ya kamata ka fahimta game da Rima, domin nan baƙi ke ruɗewa. Ruwansa a rani ba na sama ba ne, na madatsa ne. Madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, tana riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 942 in ta cika, ta Bakolori kuma da aka gama a 1978 tana kan gulbin Sakkwato a jihar Zamfara. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ce ke sakin ruwan don noman rani da ruwan sha. Ma'ana, kana iya kwanciya sama tas babu ko gajimare, ka farka ka tarar ruwa ya hau. Shi ya sa ba a kwana a kan tsibirin yashi da ke tsakiyar gulbi, duk kyansa, duk laushinsa. A hau gaɓa mai tudu. Da kun sauka ka soka kara a daidai bakin ruwa, ka duba shi bayan isha'i, ka sake dubawa da asuba. In ruwa ya haɗiye karan, kun san abin da ake ciki. Jirgi kuma a jawo hancinsa kan tudu, a ɗaure shi da igiya a jikin itace ko turke mai ƙarfi, a kwashe filafilai a kai su inda ake kwana.

Kafin ku biya kuɗi, duba jirgin da idonka. A tura shi ruwa babu kaya, ka shiga ka zauna minti goma kana kallon haɗin katakan. Ɗan tsattsafo kowane jirgin katako yana yi, ana kwalfewa. In kuwa ka ga ruwa yana ɓulɓulowa ta inda aka cusa tsumma, ko ƙusa ta yi tsatsa ta saki, a nemi wani. A tabbatar akwai filafili na kowa da guda na ajiya, da gwangwalar tura jirgi, don a wurare marasa zurfi ita ke aiki, da abin kwalfe ruwa guda biyu. Jarkar da aka yanke wa kai ta isa, a ɗaure ta da igiya kada ta bi ruwa.

Lodi shi ke kashe mutane a gulabenmu, fiye da kada, fiye da iska. Jirgin da ya nutse a yankin Warrah ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ya ɗebi mutane fiye da ƙarfinsa ne, aka yi asarar rayuka masu yawa. Kaya masu nauyi, ruwan sha da buhun abinci, su zauna a ƙasa a tsakiya. Bayan kowa ya zauna, tsakanin ruwa da bakin jirgi ya zama akwai aƙalla taƙi guda. In bai kai ba, a rage kaya, ba a jayayya. Mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, a sunkuye, hannu biyu riƙe da gefe da gefe, ƙafa a tsakiya. Ba a miƙewa tsaye don ɗaukar hoto, ba a yin musayar wurin zama sai an kai gaɓa.

Rigar kariya mai hana nutsewa kowa ya sa tasa, a ɗaure, tun daga shiga har fita. Na san matuƙin zai yi murmushi, wataƙila ma ya ce ruwan bai kai wuya ba. Shi a ruwa aka haife shi. Kai kuwa, in ma ka iya iyo, a kududdufi ko wurin wanka na otal ka koya, ba cikin ruwa mai ja da kaya a jikinka ba. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma wanda bai iya fid da kansa ba, ba ya fid da abokinsa. In akwai wanda bai iya iyo ba sam a cikinku, ya faɗa tun a gida, ba abin kunya ba ne, a zaunar da shi kusa da matuƙi. Babbar riga da doguwar jallabiya da takalmi sau-ciki mai nauyi a bar su a jaka. In jirgi ya kife, kada ka sake shi ka nufi gaɓa, katako ba ya saurin nutsewa, ka riƙe shi ku ƙirga kanku. Jarkoki biyu marasa komai, a toshe su da kyau a ɗaure a ƙarƙashin mazauni, suna ƙara masa tashi.

Sayayyar da ka tambaya ba ta da yawa. Bokitin fenti mai murfi, a wanke shi tas, ya fi jakar 'yan gayu tsare waya da ashana da magani daga ruwa, ga shi kuma kujera ne in an sauka. Tanti ba dole ba ne a hunturu, tunda ba ruwan sama. Tabarma, gidan sauro mai magani, leda babba ta shimfiɗa saboda raɓa, da bargo mai kauri. Kada ka raina sanyin bakin gulbi a Disamba, yana ratsa ƙashi wajen ƙarfe uku na dare. Malafa, man shafawa saboda tsagewar leɓe da hannu, tocila ga kowa, wuƙa, igiya mai tsawo, da abin cajin waya na tafi-da-gidanka. Abinci wanda ba ya lalacewa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, shinkafa, man gyaɗa, yaji, kayan shayi. Albasa kada ku ɗauko da yawa, cikin gonakinta za ku ratsa. Ku taho da gawayinku ko ƙaramin risho, kada ku sari itacen mutane, kuma wuta a rani a kashe ta da ruwa, a tona tokar a tabbatar. Gobara ɗaya a karan wani ko tarin shinkafarsa ta isa ta rufe wa duk baƙin da za su biyo bayanku ƙofa.

Ruwan sha a lissafa lita 4 zuwa 5 ga kowane mutum a yini, ban da na girki. Na kwana ɗaya ku ɗauko daga gida. In ya ƙare, a ɗebi na gulbi a sa ɗan alif ya kwanta, a tace da ƙyalle, a tafasa shi ya yi minti guda yana tafasa. Tacewa kaɗai ba ta kashe ƙwayoyin cuta.

Zan daɗe kaɗan a kan tsargiya, don ita ce cutar da ɗan birni ke kwasowa bai sani ba. Ba sai ka sha ruwan ba. Ƙwayarta tana girma a jikin ƙananan katantanwa da ke zama a ruwa mai kwanciya, cikin ciyawa da kainuwa da bado, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai tsayawa a ciki. A ranar ba za ka ji komai ba sai ɗan ƙaiƙayi. Bayan makonni sai zazzaɓi da kasala, daga baya a ga jini a ƙarshen fitsari. A wasu ƙauyukan bakin ruwa abin ya zama ruwan dare har ana ɗaukarsa alamar balaga ga yara maza, alhali cuta ce da ke lalata mafitsara in ta daɗe. Don haka kada ku yi wanka ko alwala a gefen da ruwa ya tsaya cik. A ɗumama ruwan wanka sosai a kan wuta a bar shi ya huce, ko a yi amfani da wanda ya kwana biyu a bokiti. Maganinta praziquantel ne, yana aiki, amma likita ne zai auna ya rubuta. Zazzaɓin da ya zo cikin mako biyu bayan dawowa kuma a je a gwada jini saboda cizon sauro.

Maciji yana nan, kububuwa da kasa da gamsheƙa, sun fi son gindin ciyawa da tarin kara. A share wurin kwana da sauran haske, kada a taka ko'ina da dare babu tocila, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin da zai tsayar da jini. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Wannan ma wani dalili ne na kwana kusa da ƙauyen da babur ke shiga. Dorina kuwa sai can ƙasa, wajen kogin Kwara da Yawuri da tafkin Kainji, kuma duk ranar da kuka kai can, in matuƙi ya ce a kauce, a kauce.

Kada duk wannan ya sa ka ɗauka wahala ce zalla. Daɗin yana da yawa, sai dai ba irin na bidiyo ba ne. Da sassafe hazo yana kwance a kan ruwa, masunci yana tsaye a hancin jirginsa ya karkace ya watsa birgi, ta buɗe da'ira ta faɗa. Ku tsaya nesa kaɗan, ku yi masa sannu da aiki, ku jira ya jawo. Nan za ka sayi karfasa tana motsi, ko tarwaɗa, a farke ta a bakin ruwa, a barbaɗa gishiri da yaji, a ɗora a garwashi. In ya miƙo maka kurungu ka kula da ƙayarsa, in kuma ya ce taɓa wannan yana dariya, minjirya ce, za ta ba ka wuta har kafaɗa. Za ku ga balbela da zalɓe, da garken kirinjijiya suna tashi da fito, da ƙananan tsuntsayen da suke ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a fadamunmu. Za ku ga gawo ya yi kore shar lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. In kun ci karo da igiyar taru ko layin ƙugiya, a ɗaga filafili a bi inda matuƙi ya nuna, don yanke wa masunci raga daidai yake da ƙona wa manomi rumbu. Hoto kuma a nemi izini, kuma inda mata ke wanka ko wanki a kawar da kai a wuce, waya na cikin bokiti.

Hirar dare ita ce ribar tafiyar. Ku dafa shayi ku ba matuƙa kofin farko, ku yi shiru. Za ku ji labarin Kanta sarkin Kabi da birninsa na Surame, da yadda kakanninsu suka yi kamun kifi a gurabun da yanzu yashi ya cike, da abubuwan ruwa da za ku gaskata da waɗanda za ku bari a nan. Kada ka yi gardamar boko da mutumin da gobe ranka ke hannunsa. Sallah a yi ta a tudu cikin jam'i, alƙibla gabas ce da ɗan karkatawa arewa, kuma tafiyar kwana ɗaya irin wannan ba ta kai nisan ƙasaru ba. Wajen shiga jirgi za ka ji matuƙi ya karanta "Bismillahi majreha wa mursaha", aya ta 41 a Suratu Hud, ku karanta tare da shi. Leda da gwangwani duk a tattara a dawo da su gari, bayan gida kuma a yi nesa da ruwa a tona a rufe, don ƙauyen gaba shi suke sha.

A gida a bar wa mutum ɗaya cikakken bayani a rubuce: inda za ku shiga, inda za ku kwana, sunan mai garin, lambar matuƙa, da lokacin da in bai ji ku ba zai fara nema. Sabis yana ɗaukewa a kwari, saboda haka ku riƙe layukan kamfani biyu daban. Iyaye kuma a nemi izininsu da gaskiya, kada a ce musu Wamakko za a je biki.

Argungu kuwa ku je ta mota lokacin bikin kamun kifi. Bikin ya samo asali ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2016. Ba kowace shekara ake yinsa ba, sai ku saurari sanarwa. A gulbin Matan Fada, inda ake bikin, za ku ga wasannin Kabanci, tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa, ku ga yadda ake riƙe filafili a hannun masu abin. Ku shiga gidan tarihi na Kanta, sannan ku nemi masuntan garin ku tambaye su halin da hanyar ruwa take ciki tsakaninsu da Augie a wannan shekarar, da ko akwai wanda zai yarda ya raka ku wani yanki nata in hunturu ya zagayo.